Magaryar Bakin Shingen Isyaku

Isyaku ɗan Jibril, mutumin wata unguwa da ke yamma da Dayi, ya kai shekara hamsin da bakwai ba a taɓa ganin ya cinye tuwonsa a zaune ba. Yakan fara a kan tabarma kamar kowa, amma kafin loma ta huɗu ya miƙe da kwanon a hannu, ya leƙa garke, ya dubi sama, ya taɓa igiyar guga, sa'an nan ya dawo. Dogo ne siriri mai saurin tafiya, wanda idan ya gaishe ka yakan ji amsarka ne bayan ya wuce.

Yadda yake da tuwo haka yake da sana'a. Ya yi dako a wani gidan gurzar auduga a Funtuwa, ya bi mota tsakanin Malumfashi da Zariya, ya yi facin taya a Kafur, ya yi tallar maganin ƙwari a kasuwannin ƙauye, ya yi acaɓa har gwiwarsa ta hana shi. Ba a kore shi daga ko ɗaya ba, domin ba malalaci ba ne, ba kuma maha'inci ba. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar ya iya abu sai abin ya fita daga ransa. Babu aikin da ya ga damina uku a hannunsa.

Wadda wannan hali ya fi damu ita ce yayarsa Sabuwa. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma da mijinta ya rasu sai ta dawo gidan ubansu, ta zauna a ɗakin da ke kusa da zaure tare da Lauratu matar Isyaku. Duk ranar da ya dawo da jakarsa daga wani gari, gaisuwarta ɗaya ce.

"Sannu da zuwa, Auta. Wannan karon kwana nawa za mu samu?"

"Yaya, ai na dawo ke nan."

"Haka ka ce bara. Lauratu, kada ki kwance masa jakar, ki bar ta a bakin ƙofa."

Gonar da mahaifinsu ya bari tana da iyaka da gonar wani mutum mai suna Buba, kuma iyakar ba gamba ba ce kamar yadda aka saba. Jerin magarya ne da ba a san wanda ya shuka ba. Wanda ya tashi a ƙasar nan ba ya buƙatar a gabatar masa da magarya, sai dai kaɗan ne suka tsaya suka dube ta da kyau. Ba ta cika tsawo ba. A wuri mai daɗi takan wuce kan ɗaki, inda awaki suka matsa mata kuwa sai ta cure a ƙasa. Rassanta ba sa tafiya miƙe, sukan karkata dama su karkata hagu, kuma a kowace gaɓa akwai ƙaya biyu, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Ta farko ke soke ka, ta biyu ta riƙe maka riga har sai ka tsaya. Ganyenta ƙarami ne, mai sheƙi ta sama, fari-fari mai laushi ta ƙasa, da jijiyoyi uku da suka taso daga gindi. Idan damina ta ja baya sai ta yi ƙananan furanni waɗanda ido bai cika lura da su ba, sai dai ƙudan zuma. Da sanyi ya shigo 'ya'yan su nuna, daga kore zuwa rawaya zuwa ja mai duhu, su yamutse; tsokar kaɗan, ƙwallon da yawa. Mata kan daka busassun su tankaɗe garin. Maza kan sari ƙayar su kare gona, su kuma rufe sabon kabari da ita. Ganyen kuwa idan an daka an zuba a ruwa yakan yi kumfa, kuma da shi ake yi wa mamaci wanka, saboda haka ba a tambayar mai gona kafin a tsinko shi. Sa'an nan akwai halinta da kowane manomi ya haddace: sare ta har ƙasa, saiwarta tana can nesa a ƙarƙashi, kafin shekara ta zagayo ta tofo fiye da dā.

Buba Bamaguje ne, sa'an Isyaku, wanda yake yi wa laƙabi da na Tasalla, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Bai taɓa yin nisan da ya wuce kasuwar Malumfashi ba. Idan an yi rasuwa a unguwar Musulmi shi ne na farko da gatari da fartanya. Yakan kawo ganyen magarya, ya yi haƙa, ya saro itace da ƙaya, idan an tsaya salla kuma ya koma gindin wata bishiya ya jira. Wannan ne rabonsa a zumunci, kuma ba ya yarda wani ya riga shi.

Shekara huɗu da suka wuce, wata ranar kasuwa a Funtuwa, Isyaku ya tsaya a gaban tiren Kudirat, wata Bayarabiya haifaffiyar garin da ke sayar da kayan marmari kusa da tasha. Ya ga wasu 'ya'yan itace koraye masu santsi, kowanne ya kai ƙwan zabuwa.

"Iya, wannan tuffa ce ko gwaiba?"

"Baba, ci ka gaya mini. Ai ku ne mutanen ƙauye, masu itatuwa."

Ya gatsa. Tsokar tana da ruwa, tana ƙaras-ƙaras a haƙori, amma ƙamshin da ya tsaya a maƙogwaronsa tun yana yaro ya san shi.

"Magarya ce! Magaryar wa ta ƙoshi haka?"

"Mai aure ce, kamar mangwaro. Daga lambun Malam Saminu nake saro ta, a hanyar Maska. Kai, Baba, ina za ka? Ba ka ƙarasa cinyewa ba!"

Ya riga ya tsallake titi.

Malam Saminu mutum ne mai magana a hankali, kuma sau biyu Isyaku yana miƙewa kafin ya kai ƙarshen bayani. Ya ce a sare magaryar daji daidai ƙugu, a jira sabon toho ya yi kaurin ɗan yatsa. Sai a tsaga ɓawonsa da reza, a ɗauko ido ɗaya daga reshen mai manyan 'ya'ya, wato ƙullin da ke gindin ganye, a cusa a tsagar, a ɗaure da leda.

"Abu uku za ka riƙe, Malam Isyaku. Kada ka kwance ɗaurin sai bayan mako uku. Furen shekarar farko ka zubar da shi, domin reshen ya yi ƙarfi. Na ukun ya fi su: duk abin da ke ƙasa da ɗaurin na daji ne har abada. Idan aka sare ƙasa da ɗaurin, an gama."

Da ruwan farko ya sauka Isyaku ya koma ya karɓo rassa a cikin jiƙaƙƙen buhu, ya ɗaura ido goma sha biyu a jikin magaryoyin iyaka. Awaki suka ci huɗu. Bakwai kuwa shi ya kashe su da hannunsa, domin kafin kwana goma ya kwance su ɗaya bayan ɗaya don ya ga ko sun kama. Na goma sha biyun yana can ƙarshen shinge, a bakin hanyar da ta shiga unguwa, kuma ya tsira ne kawai saboda Isyaku ya mance da shi. Wata safiya yana wucewa ya ga toho kore shar ya ratso leda, ganyensa ya ninka na daji uku, ƙayarsa kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Ya yi niyyar komawa ya ƙaro wasu rassan, sai ya tarar an sayar da lambun an yanka fulotai, an tumɓuke itatuwan, Malam Saminu kuma ya tashi zuwa wani gari da ba wanda ya iya faɗa masa. Reshe ɗaya ke nan ya rage masa a duk duniyar da ya sani.

Buba yakan jingina da fartanyarsa ya kalle shi yana tsinke tohon daji daga kututturen.

"Malam Isiya, yau kuma aski ake yi wa gimbiyar? Ni tun da aka haife ni ban ga wanda ya yi wa magarya barantaka ba sai kai."

"Za ka gani, na Tasalla. Ranar da ta yi 'ya'ya kada ka miƙo mini hannu."

"In ka kai ranar a garin nan, aradu in ba ka akuyata."

Da kaka ta zo reshen ya cika da fure. Isyaku ya yi kwana uku yana zagaya shi, ya miƙa hannu ya janye, a rana ta huɗu ya runtse ido ya zubar da furen duka kamar yadda aka umurce shi. Da Sabuwa ta ji, sai ta ajiye tsintsiyar da take ɗaurewa ta dube shi.

"Kai, Auta? Ka ga abu ya fara, ka haƙura har baɗi?"

"Haka mai lambun ya ce, Yaya."

"To, Allah ya kai mu. Ranar da ka sa mini 'ya'yanta a tafin hannu, ranar zan ce a shigar da jakar nan ɗaki."

Wannan magana ita ta riƙe shi. Da rani ya yi, aka zo ana neman mai gadin sito a Kafur, ya ɗauki hularsa har ya kai bakin titi, sa'an nan ya juyo. Bazara ta shigo da zafinta, magaryoyin shinge suka zubar da ganye suka koma ƙaya tsura, shi kuwa safe da yamma yana ɗauko jarka biyu daga rijiya da gurguwar gwiwarsa. A duk faɗin unguwar babu magarya mai ganye sai tasa, kuma reshen ya kai tsawon hannu biyu.

A ƙarshen bazarar, lokacin da hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, zazzaɓi ya kama Sabuwa. Kwana biyu ta yi, da hantsin Alhamis ta cika. Isyaku bai iya tsayawa a gidan ba. Ya hau bayan babur ya tafi Dayi sayen likkafani da sanar da dangi. Da ya dawo ya shiga tsakar gida, ya tarar mata sun gama daka ganye sun shige ɗaki da ruwan wanka. A gefen turmi akwai wata koriyar sanda da aka zage wa ganye tas aka yar. Har ya wuce ta, sai idonsa ya faɗa a kan gindinta. Akwai kumburin gaɓa, da ɗan guntun baƙar leda manne a jiki, kuma sarar gatarin tana ƙasa da kumburin.

Ya tsuguna. Lauratu ta fito da ƙwarya a hannu, ta gan shi, ta ga sandar, ta dafe ƙirji.

"Malam, wallahi ban lura ba. Buba ne ya kawo, ya miƙo ta kan katanga."

Hankalin Isyaku yana kan abin da ke hannunsa. Yana juya sandar ne yana bin gaɓoɓinta da babban yatsa. Matan sun tsinke ganyen da gaggawa, sun ɓarke idanu da yawa, amma a tsakiyar sandar akwai guda huɗu da ba abin da ya taɓa su. Haka rassan Malam Saminu suke a cikin buhu, ba ganye, sai ido. Bambancin kawai shi ne waɗancan an yanko su da sanyin safiya a cikin damina, wannan kuwa ta riga ta sha rana a ƙasa.

"Jiƙo tsumma ki naɗe ta, ki tura ƙarƙashin randa. Kada kowa ya sa ta a wuta."

Aka yi wa Sabuwa salla, aka ɗauki makara. A maƙabarta Buba yana tsaye a gefe, ƙasa har gwiwa, gumi ya jiƙa masa riga. Da aka gama rufewa ya jawo ƙayar da ya tara ya lulluɓe kabarin da kyau, sa'an nan ya matso kusa da abokinsa ya rage murya.

"Sannu, Isiya. Na bi shingen nan kaf, babu kore sai naka. Na ce Yaya Sabuwa ba za a yi mata wanka da busasshe ba. Kada ka damu, magarya ce, ruwa na sauka za ta tofo."

Isyaku ya buɗe baki, ya dubi sabon kabarin, ya rufe.

Shi ne namiji babba a gidan, saboda haka shi ne mai karɓar gaisuwa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zaunar da shi a tsakiya kusa da liman. Mutane suna zuwa ƙungiya-ƙungiya, daga Dayi, daga Kafur, daga gidan mijinta na dā. Kowa ya durƙusa ya ce ya haƙuri, shi kuma ya ce da godiya, a ɗaga hannu a shafa. Isyaku ya kasa natsuwa. Ya gyara hula, ya cire, ya mayar. Idan ya tuna Sabuwa sai idonsa ya cika, idan ya tuna sandar sai kunya ta kama shi, domin wane irin ƙane ne zai zauna makokin wadda ta goye shi yana tunanin itace? Amma itacen nan shi ne maganar ƙarshe da ke tsakaninsu. Sau biyu yana neman izini kamar zai kewaya, ya shiga ya ɗaga tsumman. A karo na biyu ya ga ɓawon ya fara yamutsewa daga saman sandar. Ba za ta kai gobe ba, balle ta jira kwana uku na zaman makoki.

Bayan azahar ya yafito Buba, suka koma bayan zaure.

"Na Tasalla, ba za ta tofo ba."

"Haba! Magarya fa?"

"Kututturen zai tofo, amma na daji. Wancan reshen baƙo ne, ɗaura shi na yi. Ka sare ƙasa da ɗaurin, kuma babu inda zan samo wani."

Buba ya daɗe yana kallonsa. Shekara hamsin yana saran magarya tana tashi, bai taɓa jin wadda gatari ɗaya ke gamawa da ita ba. Ya zame ya zauna a ƙasa.

"Aradu ban sani ba. Shekara guda ina yi maka dariya, ban taɓa tambayarka ba."

"Tashi, ba lokacin wannan ba ne. Saura ido huɗu. Je ka bi shingen da farce, ka nemo mini tohon da ɓawonsa ke ɗagowa. Wanda ya bushe ba zai karɓa ba."

Buba ya tafi da gudu, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba. Ya dawo ya raɗa masa cewa guda huɗu ne kacal masu ɗanyen jiki, duk a kusa da inda ake zuba ruwa, biyu ta ɓangaren Isyaku, biyu ta gangaren gonar shi Buban inda ruwan ke tsiyaya.

Da aka idar da la'asar Isyaku ya matsa kusa da liman ya faɗa masa gaskiya duka, kansa a sunkuye. Liman dattijo ne da ya san Sabuwa tun tana budurwa. Ya dubi rana, sa'an nan ya ce, "Aikin zai kai magariba?"

"Ba zai kai ba, Malam."

"To, tashi. Wanda ya zo gaisuwa zai same ka a can, ai hanya ɗaya ce."

Haka aka yi sauran gaisuwar ranar a bakin shinge. Buba yana riƙe da toho, ƙaya tana shan jinin hannunsa bai ko motsa ba, Isyaku yana tsugune da reza yana yanko ido, kuma masu shigowa unguwa suna tsayawa a hanya su durƙusa a cikin turɓaya su yi masa ta'aziyya. Yakan ajiye rezar ya shafa addu'a, ya sake ɗauka. Wasu daga cikin dangin mijinta sun tafi da ɓacin rai, kuma har yau akwai waɗanda ke cewa ba a kyauta wa Sabuwa ba. Isyaku bai taɓa yi musu musu ba.

Sauran aikin shi ne mako uku na jira. Washegari Buba ya tara ƙaya ya kewaye wurin har tsayin ƙirji, ya kafa 'yar rumfa ta kara, ya dawo da tufkar igiyarsa can. A rana ta shida Isyaku ya zo yana zagayawa, hannuwansa a baya.

"Dubawa kawai zan yi."

"Duba daga nan."

"Gefen ledar kaɗai zan ɗaga, na Tasalla."

"Malam Isiya, kana tsammanin awaki nake gadi? Kai nake gadi. Koma gida."

Ya koma, ya dawo da yamma, ya sake komawa. Ruwan farko ya sauka a rana ta goma sha ɗaya. A rana ta ashirin da ɗaya suka janye ƙayar tare, Isyaku ya kwance ɗauri na farko ya tarar da idon ya yi baƙi. Na biyu ma haka. Ya tsallaka gonar Buba, na uku ya ruɓe. Ya tsaya a kan na huɗu ya kasa taɓa shi, har Buba ya karɓi rezar ya yanke ledar da kansa. Idon yana nan kore, ya kumbura, ya manne da jikin tohon kamar a nan aka halicce shi.

Furen shekarar farko Isyaku ya zubar da shi, wannan karon ba tare da ya yi kwana uku yana zagaye ba. Ya kuma zaɓi wata magaryar daji a bakin hanya yana ba ta rabin jarka kullum da rani, domin duk wanda aka aiko neman ganyen wanka ya tarar da kore a kusa, kada ya shiga ciki. Mutanen unguwa suna kiranta ta Sabuwa.

Da sanyin bana reshen da ke gonar Buba ya yi 'ya'ya, manya, masu santsi. Ranar da na farko ya nuna, Isyaku ya tsinke shi ya tsaya da shi a tafin hannu, bai ci ba, bai kuma san inda zai kai shi ba. Buba ya bar shi ya gama tsayuwarsa, sa'an nan ya yi gyaran murya.

"Ka dai san a gonata take."

"Ka dai san akwai akuya a tsakaninmu."

"Wannan tsohuwar magana ce. Raba mu gani."

Isyaku ya raba shi biyu da reza ya miƙa masa rabi, ya nufi gida da sauran yana tafiya yana dubawa. A zaure ya ci karo da tsohuwar jakarsa inda take rataye tun shekara huɗu. Ya miƙa wa Lauratu rabin magaryar, ya ce ta ɗanɗana, in ta gama kuma ta shigar da jakar ɗaki. Sa'an nan ya ɗauki jarkokinsa ya fita, domin rana ta yi sanyi kuma bai ba magaryar bakin hanya ruwa ba.